Derry Girls a kallo na biyu: sirrin Clare da bakin Erin

A kashin farko na Derry Girls, tun labari bai kama hanya ba, akwai wani ɗan wuri da mai kallo zai yi dariya ya wuce. Erin da Clare sun yi alkawarin cewa ranar komawa makaranta za su ajiye kwat ɗin makaranta su sa jaket ɗin jins, don a san su ma sun girma, kowacce da ra'ayin kanta. Uwar Erin ta ce ba dai a gidanta ba. Da suka haɗu a hanya Clare ta ga ƙawarta sanye da kayan makaranta tsaf, nan take ta tuɓe tata jaket ɗin, ta ce ita fa ba za ta fita daban ita kaɗai ba. Duk wanda ya kai kashi na shida sannan ya dawo baya zai ji maganar nan da wani kunne dabam, domin yanzu ya san abin da yarinyar take ɗauke da shi: 'yan'uwanta mata take so, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Wannan shi ne ribar maimaita shirin. Ba'ar tana nan yadda take, amma ta ƙara nauyi.

Derry Girls shirin barkwanci ne mai dogon zango da Lisa McGee ta rubuta, tashar Channel 4 ta Birtaniya ta fara nuna shi a watan Janairun 2018, ya ƙare a watan Mayun 2022. Zango uku ne, kashi 19 gaba ɗaya, yawancinsu ba su kai rabin awa ba. Netflix ce ta kai shi sauran duniya. Labarin matasa biyar ne a birnin Derry na Ailan ta Arewa cikin shekarun 1990: Erin mai burin zama marubuciya, Orla 'yar ƙanwar mahaifiyarta wadda kullum tana wata duniyar, Clare sarkin fargaba, Michelle mai bakin da ba ya da linzami, sai James, ɗan'uwan Michelle da ya taso a Landan. Dukansu suna makarantar 'yan mata ta Katolika ƙarƙashin Sista Michael, har da James ɗin, saboda an ji tsoron abin da yaran makarantar maza za su yi masa idan suka ji harshen Ingila a bakinsa. Gara a sani tun yanzu, shirin cike yake da ashar da maganganun samartaka, na manya ne.

Sai an ɗan san garin kafin a gane dalilin da ya sa yaro zai shiga makarantar mata don ya tsira da lafiyarsa. A 1921 aka raba tsibirin Ailan, gundumomi shida na arewa suka zauna ƙarƙashin Birtaniya. Masu son a ci gaba da zama da Birtaniya yawancinsu 'yan Furotesta ne, masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan yawancinsu Katolika ne. Rigimar ƙasa ce da mulki, addini ya zama tambarin da ake gane ɓangaren mutum da shi. A Derry Katolika sun fi yawa, amma an yanka mazaɓu ta yadda majalisar birnin ta daɗe a hannun marasa rinjaye, rabon gidaje da aikin yi ma suka bi wannan sahun. Ranar 5 ga Oktoba 1968 'yan sanda suka lakaɗa wa masu zanga-zangar neman 'yanci duka a gaban kyamara. A watan Agustan 1969 aka yi arangama a unguwar Bogside, aka turo sojan Birtaniya. Ranar 30 ga Janairu 1972 sojoji suka harbe mutum 13 a wajen wani gangami a wannan unguwa, wani ya cika daga baya, kuma sai a 2010 firaminista David Cameron ya nemi afuwa a madadin gwamnati. Kafin a yi sulhu a 1998, rikicin ya ci rayuka sama da 3,500. Dubban 'yan Furotesta sun bar yammacin kogin Foyle sun koma gabashinsa, kogi ya zama iyaka. Wanda ya san yadda mutane suka sake unguwa a Kaduna bayan rikicin 2000, wasu suka yi arewacin kogi wasu suka yi kudu, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

McGee a cikin wannan ta girma, kuma dabarar da ta gina shirin a kai ita ce ta tura rikicin can baya, ta jawo ƙananan damuwoyin yara gaba. An dasa bam a kan gada, abin da ya dami Anti Sarah, mahaifiyar Orla, shi ne za ta rasa lokacin da aka ba ta a shagon gyaran jiki. Sojoji sun tsayar da motar makaranta suna bincike, Michelle tana duba wanda ya fi kyau a cikinsu. Iyali sun gudu daga garin saboda jerin gwanon 12 ga Yuli na 'yan Furotesta, sai ga ɗan tawaye ɓoye a but ɗin mota, aka koma gardamar ko a tsallaka da shi iyaka ko a sauke shi. A kallon farko abin dariya ne yadda ko a jikinsu. A na biyu ido yana fara zuwa kan talabijin ɗin da ke kunne a kusurwar falo, da fuskokin manya idan aka fara labarai. Yaran da aka haifa cikin abu ba su san akwai wata rayuwa ba. Manyan sun sani, suna dai dannewa ne don a samu a ci abincin dare.

Clare ma dannewa take yi, sai dai nata ba ya fitowa a labaran ƙarfe shida. Nicola Coughlan ta fito da ita a matsayin yarinyar da kullum muryarta na rawa. Ita ce ke fara tona asirin ƙawaye da zarar an shiga ofishin Sista Michael, ita ce ke ganin ƙarshen duniya a kowace jarrabawa. Ita ce kuma ta ɗauki azumin tara kuɗi don wani yaro a Afirka, ta kasa kai shi ko'ina. Duk wannan yana tsayawa da ƙafarsa a matsayin barkwanci. Amma idan ka riga ka san labarinta, tsoron nan na kada a kama ta da laifi, da ƙoƙarin zama ta kirki fiye da kowa, sai su zama halin mutumin da ya yi imani cewa akwai wani babban laifi da ke jiransa, don haka ba shi da sararin yin ƙarami. Shirin bai taɓa furta haka ba. Ya bar wa mai kallo ya haɗa da kansa, kuma ni a ganina nan ne gwanintar marubuciyar ta fi fitowa.

Kashi na shida shi ne zuciyar zangon farko. Erin ta samu riƙon mujallar makaranta, ba ta da labarin bugawa, sai ta tsinci wata takarda marar suna cikin rubuce-rubucen gasa: wata ɗaliba tana bayyana cewa ita 'yar maɗigo ce. Sista Michael ta hana a buga. Erin ta buga, ta bi makaranta tana rabawa, tana jin kanta jarumar 'yancin faɗar albarkacin baki, mai kare wata baiwar Allah da ba ta san ko wace ce ba. Clare ta ga wannan jarumtar, ta ɗauka ta samu inda za ta sauke kayanta. Ta ja Erin gefe ta ce ita ce ta rubuta.

Abin da ya biyo baya bai kai minti biyu ba. Fuskar Erin ta canza. Tunaninta na farko kanta ne, wai ko Clare sonta take yi. Clare ta ce mata ko kusa, ta kalli kanta da kyau tukuna. Sai Erin ta ce mata ta mayar da maganar inda ta fito. Ana dariya a wurin, domin an rubuta shi da dariya, amma dubi idon Clare lokacin da ta juya ta tafi. Ta zaɓi mutum ɗaya a duniya, kuma ta zaɓe ta ne saboda abin da ta ji tana faɗa da bakinta a bainar jama'a.

Erin ba muguwa ba ce, kuma wannan ne ya sa wurin yake da zafi. Tana da sauƙin kai ga mutumin da ke kan takarda. Da mutumin ya zama wadda suke zama kujera ɗaya a mota, sai ra'ayin ya watse, aka bar ta da ƙyama da ruɗewa. Shirin bai sa ta yi dogon jawabin neman gafara ba. A taron nuna basira na makaranta, Orla ta hau dandamali tana motsa jiki da kiɗa, ɗalibai suka fashe da dariyar raini. Ƙawayen suka tashi suka kare ta, suka hau dandamalin suka shiga rawar tare da ita, Erin da Clare a ciki. Sulhun ke nan. A daidai lokacin kyamara ta koma gida, manya sun yi cirko-cirko gaban talabijin ana ba da labarin wani bam da ya kashe mutane, Joe, kakan Erin, wanda bai taɓa faɗa wa surukinsa Gerry, mahaifin Erin, kalma mai daɗi ba, ya ɗora hannu a kafaɗarsa. Daga zango na biyu kuma za ka ga dukansu biyar da ɗan bajo mai launin bakan gizo, alamar goyon bayan masu son jinsinsu, a ƙirjin kwat. Babu wanda ya yi magana a kai. Mutane da yawa sai a kallo na biyu suke lura da shi.

Na san mai karatu da yawa zai iso nan da matsayarsa, wadda addini ya kafa masa, kuma dokar Najeriya ta 2014 ta hana auren jinsi da duk abin da ya shafe shi. Abin lura shi ne garin da labarin ya faru ma ba wurin da abin yake da sauƙi ba ne. Cocin Katolika yana ɗaukar saduwar jinsi ɗaya zunubi, manyan cocin Furotesta na yankin ma haka, wannan na cikin 'yan abubuwan da ɓangarorin biyu suka yarda a kai. Ingila da Wales sun cire hukunci kan luwaɗi tsakanin manya a 1967, Ailan ta Arewa ba ta bi ba. A 1977 Ian Paisley, malamin coci kuma ɗan siyasa, ya jagoranci kamfe na hana a sassauta dokar. Sai da wani mutumin Belfast, Jeff Dudgeon, ya kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ya yi nasara a 1981, sannan aka canza dokar a 1982. Jamhuriyar Ailan sai 1993. Dokokin nan maza suka shafa, mata kuwa shiru da gori ne suka tsare su. Auren jinsi bai halatta a Ailan ta Arewa ba sai Janairun 2020, kuma majalisar Landan ce ta zartar da shi lokacin da majalisar yankin take a rufe. Ke nan lokacin da aka fara nuna kashi na shida a 2018, Clare ta gaskiya ba za ta iya aure a garinsu ba.

Saboda haka dole a faɗa, shirin ya fi zamanin da yake kwatantawa taushi. Iyaye sun karɓi maganar kamar ba komai, makaranta ba ta kori kowa ba, ba mu ga limamin coci ya kira Clare ba. Yarinya a makarantar sistoci a 1994 da wuya ta sha da sauƙi haka. McGee ta zaɓi ta tattara duk haɗarin a wuri ɗaya, wato bakin aminiya. Ina ganin zaɓin yana da hujja, domin a shekara goma sha shida hukuncin da ya fi kowanne ciwo shi ne na wadda kuke raba sirri. Tambayar da kashin yake yi ta fi ta halal da haram kusa da gida: wanda ka sani tun kuna yara ya buɗe maka cikinsa, ka ji abin da ba ka so, me za ka yi da shi gobe da safe? Mutum yana iya riƙe aƙidarsa kuma tambayar ta same shi. Amma wanda yake neman cikakken hoton abin da irin su Clare suka sha a wancan lokaci, ba a nan zai same shi ba.

Akwai kuma James. Tun daga kashin farko kowa ya yanke cewa ɗan luwaɗi ne, saboda yana da sanyin hali kuma yana magana kamar Bature na Landan, shi kuma yana ta musantawa ba mai saurarensa. Har wata daga cikin iyayen ta ce masa in ma haka ne, hakan ya ɗan rage masa laifin zama ɗan Ingila. Ba'a ce a kan garin da ƙiyayyar siyasa ta danne kowace ƙiyayya. Sai dai a kallo na biyu za ka lura da wadda ke tsaye a gefe duk lokacin da ake wannan tsokana. Clare tana ji, tana auna yadda kalmar take fita daga bakin ƙawayenta, tana lissafin abin da zai faru ranar da aka juyo kanta. Wasu daga cikin ba'ar nan sun tsufa, maimaicinsu yana gundura. Amfaninsu ɗaya shi ne sun nuna iskar da yarinyar take shaƙa.

Labarin James ya kai ƙololuwarsa a ranar da Bill Clinton ya ziyarci Derry, 30 ga Nuwamba 1995. Uwarsa ta dawo za ta tafi da shi Landan, Michelle da ta fi kowa zaginsa ita ce ta ce masa shi ɗan cikinsu ne, ko daga ina ya zo, ko namiji ne ko mace. Ya shiga mota, ya fasa, ya dawo. Yaran suka juya wa jawabin shugaban Amurka baya suka tafi da abokinsu.

Soyayya kuwa, shirin yana taɓa ta ne da yatsa biyu. Samarin da Erin take mafarki duk ba su san tana yi ba. A daren liyafar makaranta ta yi watsi da alkawarin da ta yi wa Clare na su tafi tare, saboda wani saurayi, saurayin kuma bai zo ba. Ta zauna cikin kwalliya tana kallon agogo, sai ga James a bakin ƙofa, ya bar taron masoya wani shirin talabijin da ya daɗe yana ɗoki. Daren nan ne labarin tsagaita wutar IRA, ƙungiyar 'yan tawayen da ta ɗauki makami don haɗe Ailan, ya fito, wanda a tarihi ya faru ranar 31 ga Agusta 1994, mutane suka fito titi. Sai a zango na uku Erin da James suka sumbaci juna, Michelle ta gan su ta ce ba za ta yiwu ba, domin idan suka ɓata ita za a bari a tsakiya, ga ɗan'uwa ga aminiya. Suka haƙura. Shirye-shiryen matasa da yawa da sun mayar da wannan ginshiƙin zango guda. A nan an auna soyayyar da abin da za ta ci wa ƙungiyar, aka ga ta yi tsada.

Inda nake da ƙorafi shi ne rabon da aka yi wa Clare. Bayan kashi na shida, sai da aka kusa rufe shirin kafin ta samu wadda ta kalle ta da so, wata Laurie, a daren bikin Halloween. Sumba ɗaya, kuma cikin 'yan mintoci aka zo da labarin cewa jijiyar jini ta fashe wa mahaifinta. Ya rasu, kashin ya ƙare da jana'iza. An san cewa aikin Coughlan a shirin Bridgerton ya ci karo da ɗaukar zango na uku har aka rage fitowarta, wannan ya bayyana wani abu. Bai bayyana dalilin da ya sa farin cikinta na farko ya zo manne da mutuwa ba. Yarinyar da ta yi zango uku tana jiran masifa, ranar da ta saki jiki sai masifar ta zo. Ko ba da niyya ba, wannan ya gaskata tsoronta, kuma ba ta cancanci haka ba.

Kashin ƙarshe, mai tsawon kusan awa ɗaya, ya koma kan Erin, kuma sai a maimaici ne mutum yake ganin cewa jarrabawar kashi na shida aka sake ba ta da wata tambayar. Shekarar 1998 ce. An sa hannu kan Yarjejeniyar Belfast ranar 10 ga Afrilu, za a yi ƙuri'ar raba gardama ranar 22 ga Mayu, yaran sun cika sha takwas, za su yi zaɓe karon farko. Cikin sharuɗɗan akwai sakin fursunonin ƙungiyoyin da suka ajiye makami cikin shekara biyu. A nan muka ji abin da ba a taɓa faɗa ba tun farkon shirin: Michelle tana da wa, Niall, yana kurkuku saboda ya kashe mutum. Duk ashar ɗin nan da rashin kunya, ashe akwai sunan da ba a ambata a gidansu. Erin, mai son zaman lafiya a baki, ta ce wanda ya yi kisa bai kamata ya fito ba. Michelle ta ce ɗan'uwanta ne. Suka daina magana, Clare da ta koma garin Strabane da uwarta ta zama mai kai-kawo a tsakani.

Bambancin shi ne a wannan karon Erin tana da hujja. Mutumin da Niall ya kashe yana da iyali, kuma fursunoni sama da 400 da aka saka ƙarƙashin yarjejeniyar sun fito ne a idon waɗanda suka binne 'yan'uwansu. Shirin bai ce ta yi kuskure ba, bai kuma wanke Niall ba. Da suka shirya, babu wadda ta janye ra'ayinta gaba ɗaya, kowacce dai ta yarda cewa ba ta da amsar da za ta ishi ɗayar. Erin ta kai damuwarta wurin Kaka Joe, ta tambaye shi idan aka yi na'am kuma abin bai yi aiki ba fa. Tsohon ya juya mata tambayar, idan kuma ya yi fa. Kashi 71 cikin 100 na masu zaɓe a Ailan ta Arewa suka amince.

Abin da ya faru a wajen allo ya hana a kalli wannan ƙarshe a matsayin an gama. A watan Afrilun 2019, kwanaki kaɗan bayan an nuna ƙarshen zango na biyu, aka harbe 'yar jarida Lyra McKee a unguwar Creggan ta Derry tana kallon wata tarzoma. Shekarunta 29, wata ƙungiyar 'yan tawaye da ta ƙi sulhun ta ɗauki alhaki. McKee ta yi suna ne da rubutun da ta yi kan tasowa a Belfast a matsayin yarinya Katolika mai son mata, kuma ta koma Derry ne don ta zauna kusa da wadda take so. Tsararta ce aka yi wa alkawarin cin moriyar 1998. A makon da aka nuna kashin ƙarshe kuma, cikin Mayun 2022, gwamnatin Birtaniya ta gabatar da ƙudirin dokar da zai ba da kariya daga tuhuma ga wasu da suka yi kisa a lokacin rikicin idan suka ba da haɗin kai wajen bincike. Iyalan waɗanda aka kashe, Katolika da Furotesta, da manyan jam'iyyun yankin duka, suka ce ba su yarda ba.